Bitar mai horar da dawaki da ke yawo gari-gari: kwana uku na iya gyara doki?

Mai Akawal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki, shawara nake nema. An sanar cewa wani mai horar da dawaki, irin masu yawon nan suna shirya bita, zai sauka kusa da mu ya yi kwana uku. Tsarin iri biyu ne: ko ka zo da dokinka a shiga fili da ku, ko ka biya kuɗin kallo ka zauna a gefe. Kuɗin shiga da doki ya fi na kallo nesa ba kusa ba. Dokina shekararsa shida, ba ya cizo, ba ya harbi, amma abu biyu sun ishe ni. Da na sa ƙafa a likkafa sai ya kama tafiya tun ban zauna ba, sannan ko kusa ba ya yarda ya shiga motar ɗaukar dawaki. Na ga bidiyon mutumin, cikin rabin awa ya ɗaura wa duƙushin da ba a taɓa hawa ba sirdi. Waɗanda suka taɓa zuwa irin wannan bita, abin yana ɗorewa bayan malamin ya tafi, ko wasan kallo ne kawai?

Ɗan Kilisa:
Wa alaikumus salam. To Yaya, dokin da ba ya shiga mota, a me za ka kai shi wajen bitar? A goye?

Mai Akawal:
Kai dai ba ka rabo da tsiya. Wurin ba nisa, a kansa zan je.

Baba Mai Barga:
Ɗana, ka riƙe kuɗinka ka sai wa dokinka abinci. Tun kafin a haifi wasunku nake cikin dawaki, ban taɓa ganin dokin da aka gyara a kwana uku ba. Baƙo ya zo, ya yi abin da zai burge 'yan kallo, a tafa masa, ya naɗe igiyarsa ya wuce gari na gaba. Kai za a bari da dokin. Idan bayan mako biyu ya koma halinsa, wa za ka kama? Mai horon da ke zaune kusa da ku ya san idan ya ɓata maka doki gobe za ku haɗu, dole ya yi a hankali. Shi mai yawo ba ya ganin ƙarshen aikinsa.

Hajiya Mai Goɗiya:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ni na je kuma na ƙaru. Sai dai ba goɗiyata aka gyara ba, hannuna aka gyara. Malamin bai hau ta ba ko sau ɗaya. Ya miƙo mini igiyar ragama ya ce in sa ta ja da baya. Na girgiza igiya, ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya ta mayar baya, ni kuwa na ci gaba da girgizawa don taku biyar nake so. Sai ya ce, "Tsaya, Hajiya. Ta ba ki amsa, kin ce mata ba daidai ba ne." Ya riƙe hannuna a kan igiyar, muka sake. Ƙafarta na ɗagawa, tun ba ta sauke ba, ya buɗe yatsuna igiyar ta yi sako-sako. Muka tsaya shiru. Ta sauke kai, ta yi ajiyar numfashi. A karo na gaba ko girgizawa ban gama ba ta ja baya da kanta.

Abin da na gane shi ne doki ba daga matsi yake koyo ba, daga sakin matsin yake koyo. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da ka sake shi, shi zai ɗauka a matsayin amsa. Kuma tazarar 'yar ƙarama ce, kamar ƙiftawar ido. Wannan ba a koyonsa a waya, sai wani ya tsaya a gefenka yana kallon hannunka.

Baba Mai Barga:
'Yata, wannan ai duk tsohon mahayi ya sani. Mu dai ba mu iya tsara shi da baki ba ne.

Hajiya Mai Goɗiya:
To ai shi ya sa muke biyan wanda ya iya tsarawa, Baba. Ku kun sani a hannunku, amma idan yaro ya tambaye ku sai ku ce "ka dai riƙa lura". Mu da ba mu tashi a barga ba, da me za mu lura?

Ɗalibin Sirdi:
Bari in ɗan sa baki, don wannan gardama ta girme mu duka. A shekarar 1858 wani Ba'amurke daga jihar Ohayo, John Rarey, ya yi suna a Ingila da irin wannan nuni, har a gaban Sarauniya Biktoriya. Dokin da ya fito da sunansa shi ne Cruiser, ingarman da kowa ke tsoro. Dabararsa ita ce ya lanƙwasa ƙafar gaba ɗaya ya ɗaure ta da maɗauri, doki ya rage da ƙafa uku, a hankali ya kwantar da shi ƙasa ya yi ta shafa shi. Mutane suka yi ta biyan kuɗi don a koya musu.

Bitar da muke gani yanzu kuwa, ta kwana biyu zuwa huɗu da mai horo ke yawo da ita, ta yi ƙarfi ne a yammacin Amurka. Ray Hunt ya fara yawon bita a shekarun 1970 da abin da ya koya wajen wani mai horar da dawaki, Tom Dorrance, kuma har ya rasu a 2009 yana wannan aikin. Wani mai yawon bitar, Buck Brannaman, almajirin Ray Hunt ne. Ginshiƙin koyarwarsu shi ne ka sa abin da ba ka so ya zama wahala ga doki, abin da kake so ya zama sauƙi. Shi kuma Monty Roberts, wani mai horon Ba'amurke, ya shahara ne bayan Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gayyace shi fadar Windsor a 1989 ya nuna yadda yake fara horon duƙushi a zagayayyen shinge. Bidiyon da Mai Akawal ya gani na sirdi cikin rabin awa, daga wannan reshen ya fito.

Ɗan Kilisa:
Ni wannan na zagayayyen shingen ne ke ɗaure mini kai. Mutum ya kori doki ya yi ta zagaye, can sai ya juya masa baya, doki ya biyo shi kamar ya san shi tun haihuwa. Sun ce wai doki ya karɓe shi a matsayin shugaban garke.

Ɗalibin Sirdi:
Biyowar gaskiya ce, bayanin ne ake jayayya a kai. A 2012 wata mai bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Cath Henshall, ta gwada abin da 'yar motar wasa mai rimot. Motar ta riƙa korar doki a cikin shingen, idan ya juyo ya nufo ta sai a tsayar da ita. Dawakin suka koyi zuwa wajen motar. To ka ga mota ba ta da idanu ko kafaɗar da za ta yi wa doki magana, balle a ce ya ɗauke ta shugaba. Abin da Hajiya ta faɗa ne dai: kusa da wannan abin ake samun hutu, nesa da shi ake gudu. Kafin nan, a 2007, wata mai bincike a Jamus, Konstanze Krueger, ta gano cewa dawakin da suka koyi bin mutum a cikin shingen ba su ci gaba da binsa ba da aka sake su a makiyaya.

Baba Mai Barga:
Madalla. Ashe masu binciken ma suna bayana.

Dakta:
Baba, ba su ce bita ba ta da amfani ba, sun dai ce abin da doki ya koya a wuri ɗaya ba lallai ya ɗauke shi zuwa wani wuri ba sai an maimaita masa a can.

Malam Mai Akawal, ni ta ɓangaren lafiya zan zo maka. Kafin ka kira tafiyar da yake yi lokacin hawa rashin horo, a duba bayansa. Ka cire sirdi bayan kilisa ka dubi gumin: idan ko'ina ya jiƙe amma akwai busasshen wuri gefen doron kafaɗa, ko farin gashi ya fara fitowa a wurin, sirdin na danne shi. Ka bi gefen ƙashin bayansa da yatsu kana dannawa a hankali, ka ga ko zai lanƙwashe ko ya kwantar da kunne. Ka lura da fuskarsa lokacin da kake jan majayi. Sannan lokacin da kake hawa daga ƙasa, duk nauyinka yana rataye a likkafa ɗaya yana murɗa sirdin a bayansa. Wani dokin takawa yake yi don kada ya faɗi, ba don taurin kai ba. Ka gwada hawa daga kan wani abu mai tudu. A duba baki ma. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa gefen turamen haƙoransa ke yin kaifi su yanki kumatu ko harshe, ga kuma wasu 'yan ƙananan haƙora da kan fito daidai inda linzami ke zama. Babu bitar da za ta gyara dokin da ke jin zafi. Mai horon kirki ma shi zai fara ce maka ka kai shi a duba.

Mai Akawal:
Na gode Dakta. Gaskiya daga ƙasa nake hawa, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne.

Mai Bidi:
Ni kam ina bayan Baba, kuma ba da ka nake magana ba. Na taɓa kai bidina wajen wani mai yawon bita, ba zan kama suna ba. Dokin yana tsoron leda. Mutumin ya ɗaura leda a kan sanda, ya riƙe igiya gajere, ya yi ta kaɗa masa ita a fuska, a ciki, a ƙafafu. Doki ya yi tsalle, ya yi tutsu, ya jiƙe sharkaf, bai daina ba. Can dokin ya tsaya cak. Jama'a suka ɗau tafi. Ni da ke kusa na ga idonsa a ƙafe, leɓensa a matse, jijiyar wuyansa a tashe, numfashi sama-sama. Da muka koma gida ya yi kwanaki ba ya zuwa idan na kira shi, abin da bai taɓa yi ba. Tsoron leda kuwa ya dawo har ya fi da.

Dakta:
Wannan ba sabawa ya yi ba, sallamawa ya yi. Idan dabba ta gwada duk hanyar tsira ta ga babu, sai ta daskare, daga nesa ka ɗauka natsuwa ce. Dokin da ya natsu da gaske za ka ga yana ƙifta ido, leɓen ƙasa ya saki, kunnuwa na motsi, wani lokaci ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa. Hanyar da ta dace ita ce a fara daga nesan da zai iya jurewa, a janye ledar da zarar ya tsaya, sannan a matso kaɗan. Tana cin lokaci, kuma ba ta da daɗin kallo.

Ɗalibin Sirdi:
Wani jarumin Girka, Zenofon, ya rubuta kusan haka sama da shekara 2,300 da suka wuce: kada a yi hulɗa da doki cikin fushi, kuma idan ya tsorata da abu, kai ka fara taɓa abin ya gani, sannan ka jawo shi kusa a hankali.

Mai Igiya:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba, amma tunda sana'ata ake fiɗa bari in yi magana. Ni ma yawon bita nake yi, ko da yake ba ni ne wanda Mai Akawal ke nufi ba.

Baba, ranka ya daɗe, ka ce ba ma ganin ƙarshen aikinmu. Haka ne, kuma shi ne babban raunin sana'ar. Amma akwai abin da mai yawo ke da shi wanda na zaune ba shi da shi: yawan dawakin da suka bi ta hannunsa. Matsalar da mai doki ke gani sau ɗaya a rayuwarsa, mu kusan kowane mako muna ganinta. Kuma baƙon ido yana ganin abin da na gida ya saba da shi har ya daina gani.

Abin da ya samu Mai Bidi kuwa, laifin mai horon ne, amma ku sani 'yan kallo na da hannu. Mutum ya biya kuɗi yana so ya ga doki ya shiga mota kafin a tashi. Idan na ce wannan dokin yau iyakarsa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala ya sauke, sai a fara kallon agogo, wani ya ce ashe bai iya ba. Mai raunin zuciya a cikinmu sai ya matsa wa doki don ya fita kunyar jama'a. Dokin zai shiga, amma ranar da mai shi ya zo shigar da shi shi kaɗai, aikin ya fi na da wuya.

Malam Mai Akawal, ga yadda nake ganin dokinka, idan Dakta ya tabbatar lafiyarsa ƙalau. Duk lokacin da ka hau, me kake yi da zarar ka zauna? Tafiya. To a wajensa ƙafa a likkafa na nufin a tafi, ya dai riga ka ne kawai. Maganinsa a rarraba hawan gida-gida. Ka tsaya a gefensa, ya tsaya, ka shafa shi ka ja baya. Ka sa ƙafa a likkafa ka cire. Ka ɗora nauyi ka sauko. Idan ya motsa kada ka daka masa tsawa, kada ka fizgi linzami, ka mayar da shi daidai inda yake ku sake. Idan ka zauna, ka saki kamazuru ka yi minti guda ba ku je ko'ina ba, wani lokaci ma ka sauka ka kwance sirdi, aikin ranar ya ƙare. Zan iya nuna maka wannan a awa ɗaya. Amma kafin ya zama ɗabi'arsa sai ka yi makonni kana yi, kai da duk mai hawansa. Idan yaronka ya ci gaba da ɗarewa yana sukuwa tun bai sa ƙafa ta biyu ba, an koma gidan jiya.

Mota kuma, ka dube ta da idon doki. Dabba ce da tsirarta gudu ne a fili, idanunta a gefen kai suna ganin kusan duk kewayenta, amma ba ta ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarta. Ka ce ta shiga akwati mai duhu, ƙasansa na ƙara, ga mutane sun taru a bayanta inda ba ta gani suna turawa. Kuma idon doki ya fi namu jinkirin sabawa idan an fito daga haske an shiga duhu. Ba a bakin mota ake fara wannan aikin ba. A fili ake koya masa taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, da taɓawa kaɗan, har ya zama ba ya kuskure. Sannan a je bakin mota, a buɗe ko'ina haske ya shiga, a nemi taku ɗaya kawai.

Baba Mai Barga:
To kai na ji maganarka, ɗana, ka san doki. Amma ka amsa mini wannan: me ya sa doki ke yi muku biyayya nan take, mai shi ya karɓi igiya ya ƙi? Ba wani abu kuke shafawa a hannu ba?

Mai Igiya:
Wallahi babu, Baba. Ba mu da tarihi da shi ne kawai. Mai shi ya yi shekaru yana ja yana saki ba a kan lokaci ba, doki ya koyi yin banza da hannunsa. Ni sabon hannu ne, kuma ina saki a kan lokaci.

Ɗalibin Sirdi:
Kuma suna karanta jikin mutum fiye da yadda muke zato. A birnin Balin na Jamus, farkon shekarun 1900, an yi wani doki da ake kira Hans mai wayo, wai yana lissafi da buga kofato. Wani masani, Oskar Pfungst, ya bincika, ya fitar da sakamako a 1907: dokin na lura ne da ɗan motsin kai da sakin jikin mai tambaya idan bugun ya kai adadin da ake nema. Idan mai tambayar bai san amsa ba, ko doki bai ganinsa, sai lissafi ya rushe. Dabbar da ke ganin wannan, ai ta san mai fargaba tun daga yadda ya riƙe igiya.

Hajiya Mai Goɗiya:
Shi ya sa ni ma'aunina ɗaya ne: igiyar a hannun wa take yini? Idan malamin ne ke riƙe da ita daga safe har yamma kana jingine da shinge kana ɗaukar bidiyo, kallo ka biya ko da ka zo da doki. Ka tambayi masu shiryawa dawaki nawa za a shigar. Idan sun yi yawa a fili ɗaya, ba za a kai kanka ba sai na 'yan mintoci.

Mai Bidi:
Kuma ka tambaya ko kana da ikon cewa a tsaya. Dokinka ne. Duk wanda ya ɓata rai don ka ce a dakata, ka kama igiyarka ka fita. Sannan ka yi hattara da wanda rabin bitarsa tallar ragama da sanda ce masu ɗauke da sunansa, wai sai da su aikin zai yi.

Mai Igiya:
A nan kam kin taɓa mu, ko ka taɓa mu, ban san ko Malam ne ko Malama ba. Ragamar igiya tana da amfani don siririya ce, saƙo na isa da sauri, amma kowace iri ce ta yi. Kuma don siririya ce ɗin, a hannun mai fizga ta fi mai faɗi cutarwa.

Ɗan Kilisa:
Ni tambayata a kan duƙushin nan na bidiyo. Nawa duƙushin shekararsa biyu, in kai shi a fara hawansa a can?

Dakta:
Ka kai shi ya koyi ja da ragama, ɗaga ƙafa, tsayuwa a ɗaure da jin abu a bayansa, wannan duk ya yi. Hawa na sosai kuwa ka dakata. Ƙasusuwan ƙafa na ƙasa su ke fara ƙosawa, na gadon baya su ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Kuma sirdi cikin rabin awa ba ya nufin an gama horo, rana ta farko ce kawai aka yi a gaban mutane.

Baba Mai Barga:
Har yanzu dai ni ban ga abin da zai hana Mai Akawal ya nemi dattijon da ke kusa da shi ya riƙa zuwa masa duk mako ba. Kwana uku a jere ma doki gajiya yake yi, kansa ya cushe.

Mai Igiya:
In akwai dattijon, Baba, kuma ya iya koyar da mutum ba doki kaɗai ba, ya fi ni amfani a wajensa. Da yawa masu zuwa wajenmu ba su da shi ne. Mafi kyau ma su zo tare, dattijon ya zauna a gefe ya ga abin da aka yi, shi zai ci gaba da bibiya.

Baba Mai Barga:
Ni in zauna yaro yana koya mini riƙon igiya? To, in an biya mini kuɗin kallon ma duba.

Mai Akawal:
Na ji duka, Allah ya saka da alheri. Zan fara kiran likita ya duba baya da haƙora, in kuma soma abin da Mai Igiya ya faɗa tun yanzu. Na tura wa masu shiryawa tambayar Hajiya da ta Mai Bidi, ina jiran amsa. Dakta, idan na yanke shawarar zuwa da shi, akwai abin da zan kiyaye?

Dakta:
Akwai. Duk inda dawaki daga wurare daban-daban suka taru, cuta na samun hanya, musamman murar dawaki da ciwon nan mai kumbura kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi har ta fashe da mugunya. Ka tambaya ko suna neman shaidar rigakafi. In ba sa nema, to kowa ma zai shigo da abin da ya kwaso. Ka tafi da bokitinka, kada ya sha a kwamin da kowa ke sha, kada ka bari yana haɗa hanci da baƙin dawaki, kada ka ari linzamin wani. Idan kun dawo ka ware shi daga sauran na mako biyu zuwa uku, kana auna zafin jikinsa safe da yamma. Na lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos. In ya haura haka, ko ka ga majina mai kauri, ka kira likita kafin ka mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Kuma tunda a kansa za ka je, ka isa da wuri ya huta ya sha ruwa kafin a shiga fili.